Takardar bashin tallafi da harajin gida: wa ake kai wa kuka, kuma cikin kwana nawa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Birtaniya. Makonni uku da suka wuce na samu takarda cewa an biya ni fiye da kima a tallafin yara na Child Tax Credit, kafin a mayar da ni kan Universal Credit, sabon tallafin da ya maye gurbinsa, kuma wai ana bina fam 1,860. A cikin satin nan ɗaya ƙaramar hukumarmu ta aiko da sabon lissafin harajin gida, an rage rangwamen da ake yi mini. Na kai takardun biyu ofishin ƙaramar hukumar, matar da ke kan tebur ta karɓi ta harajin gida, ta miƙo mini ɗayar ta ce wannan ba tasu ba ce. Ban ce wani ya cuce ni ba, so nake in san yadda aka yi lissafin. Abin da nake zato shi ne tafiyar da na yi Katsina bara jinyar mahaifiyata, inda Allah ya yi mata rasuwa ina can, har na yi makonni 10 kafin in dawo. Ina zan dosa?

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. 'Yata, na fi shekara talatin a ƙasar nan, kuma shawarata ita ce ki kira lambar da ke jikin takardar ki roƙa a raba miki kuɗin, ki riƙa biya kaɗan-kaɗan kowane wata. Ja da hukuma ba ya haifar wa baƙo ɗa mai ido. Yau kina neman a cire miki fam dubu biyu, gobe su buɗe takardunki na shekara goma su tono abin da ba ki zata ba. A bar kaza cikin gashinta.

Malama Rabi: Allah ya gafarta mata, Maman Ummi. Alhaji, da dukkan girmamawa, a nan ban bi bayanka ba, kuma dalilina yana cikin abin da ta rubuta. Ina aikin sa kai a wata cibiyar ba da shawara kan tallafi, irin wannan takarda kuwa kusan kullum sai ta zo gabana.

Matar ofishin nan gaskiya ta faɗa. Tallafin Working Tax Credit da Child Tax Credit, tun da aka fara su a Afrilun 2003 har aka rufe su ranar 5 ga Afrilu, 2025, a hannun hukumar haraji ta ƙasa suke, wadda yanzu ake kira HMRC. Universal Credit na ma'aikatar ayyuka da fansho ne, wato DWP. Ƙaramar hukuma kuma ita ke da harajin gida da rangwamensa, da tallafin haya na Housing Benefit, da kwashe shara, da guraben makaranta, da kula da tsofaffi da yara. Takardun sukan zo a jere saboda duk lokacin da kuɗin shigar mutum ya canza a wuri ɗaya, lissafin ɗaya wurin ma sai ya motsa, amma kowace takarda da mai ita, kuma kowace da wa'adinta.

Wa'adin ne ya tayar mini da hankali. Idan mutum bai yarda da hukuncin da HMRC ta yanke ba, kwana 30 yake da su daga ranar da ke jikin takardar ya nemi a sake duba hukuncin, ko da fom ɗin WTC/AP ko da wasiƙa. Kin ce makonni uku sun wuce, ke nan saura kwanaki kaɗan. Ƙa'idar tafiya kuwa, kafin a rufe tallafin, ita ce mai karɓarsa yana iya barin ƙasar na ɗan lokaci har makonni 8 ba tare da an yanke masa ba, kuma ana ƙara shi zuwa makonni 12 idan rashin lafiya ko rasuwar makusanci ce ta sa shi tafiya ko ta tsayar da shi. Mahaifiya tana cikin waɗannan makusanta. Idan har tafiyar ce dalilin, kuma aka auna ki da makonni 8 saboda ba a san abin da ya kai ki ba, kina da hujja mai ƙarfi. Idan kika kira kika amince da biya kaɗan-kaɗan kika yi shiru har wa'adi ya wuce, kin ɗora wa kanki bashin da watakila babu shi.

Maman Ummi: Malama, Allah ya saka da alheri. Takardar ba ta ambaci tafiya ba, jerin lambobi ne kawai da shekarar haraji. Kuma takardar shaidar rasuwar da nake da ita daga gida take, ban sani ba ko za su karɓa.

Malama Rabi: Ki aika buƙatar sake dubawar tukuna, kada ki jira sai kin gano dalili. Ki rubuta cewa ba ki yarda da hukuncin ba, kina neman a bayyana miki yadda aka kai ga wannan adadi, sannan ki faɗi ranar da kika fita da ranar da kika dawo da abin da ya kai ki. Ki haɗa da kwafin tikitin jirgi, da shafin fasfo mai hatimin shiga da fita, da takardar asibiti, da ta rasuwa. Takardar gida takarda ce, muddin akwai suna da kwanan wata da hatimin wanda ya bayar. Kwafi za ki aika, ki riƙe na asali. A gidan waya kuma ki nemi shaidar aikawa, kyauta ake ba da ita, ki ajiye ta cikin ambulan ɗaya da takardar da ta zo miki.

Dakta Nasiru: Ina so in ƙara wani abu a kan na Malama, domin mutanenmu da yawa suna haɗa abubuwa uku su mayar da su ɗaya, alhali kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne ka ce hukuncin kansa ba daidai ba ne, wato an yi kuskuren lissafi ko an yi amfani da ƙa'idar da ba ta dace ba. Wannan shi ne na kwana 30, kuma idan aka sake dubawa ba ka gamsu ba, kana da wata guda ka ɗaukaka ƙara zuwa kotu mai zaman kanta da ke sauraron batutuwan tallafi, da fom ɗin SSCS5. Ba a biyan ko sisi, ba dole sai da lauya ba, kuma ana kawo tafinta idan ka nema a jikin fom ɗin.

Na biyu shi ne ka ce, e, an biya ni fiye da kima, amma ni na sauke nauyin da ke kaina, ofishin ne bai sauke nasa ba, don haka bai kamata a karɓa a hannuna ba. Wannan yana da fom ɗinsa, TC846, da wa'adin wata uku, kuma ana auna shi da ƙa'idar da HMRC ta rubuta wa kanta mai suna COP26. Misali, idan mutum ya sanar da canji a kan lokaci aka wuce kwana 30 ba a gyara ba, abin da aka ci gaba da biyansa bisa kuskure bayan kwanakin nan bai kamata a dawo masa da shi a matsayin bashi ba. Wannan hanya ba ta kaiwa kotu, kuma ba a dakatar da karɓar kuɗin yayin da ake duba ta.

Na uku shi ne ƙorafi kan yadda aka tafiyar da kai, kamar jinkiri, ko ɓatar da takardu, ko ba ka bayanin da ba daidai ba a waya. Wannan yana bin matakai biyu a cikin HMRC, daga nan sai ofishin Adjudicator, mai zaman kansa da ke duba ƙorafi a kan HMRC, cikin wata shida, daga nan sai mai binciken koke-koke na Majalisa, wanda ba ya karɓar irin wannan ƙorafi sai ta hannun ɗan majalisar mazaɓarka. Ƙorafi yana iya kawo ban haƙuri da 'yar diyya, amma ba ya tsayar da agogon kwana 30. Na ga mutanen da suka zuba duk ɓacin ransu a wasiƙar ƙorafi mai shafi biyar, suka zauna jiran amsa, wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce su.

Alhaji Bala: Dakta, duk wannan a takarda yana da daɗin karantawa. Mace da yara uku, tana aikin dare, yaushe za ta bi fom uku da ofis huɗu? Kuma ku gaya mini gaskiya, mutum nawa ne suka ja da hukumar haraji suka ci nasara?

Dakta Nasiru: Alhaji, kana ƙasar nan a 2016 lokacin rikicin Concentrix. Kamfanin Amurka ne da HMRC ta ɗauka a 2014 ya binciki masu karɓar wannan tallafi, ya dakatar da kuɗin dubban mutane, yawancinsu mata masu riƙon yara su kaɗai, bisa zargin cewa akwai namiji a gidan da ba su bayyana ba. Wasu an jingina musu tsofaffin 'yan hayar da suka bar gidan tun tuni, wasu ma mamata. Da mutane suka nemi a sake dubawa, mafi yawansu aka ba su gaskiya aka mayar musu da kuɗinsu, Majalisa ta shiga maganar, aka soke kwangilar kafin lokacinta ya cika. Waɗanda suka rubuta su ne suka samu.

Kuma matsalar biyan fiye da kima tun daga tushe take. An gina tsarin a kan ƙiyasin kuɗin shigar shekara, sai shekara ta ƙare ake daidaita lissafi. A shekarar farko kaɗai, 2003 zuwa 2004, abin da aka biya fiye da kima ya haura fam biliyan 2. Shi ya sa gwamnati ta yi ta canza adadin ƙarin kuɗin shigar da ake kau da kai a kansa, daga fam 2,500 zuwa 25,000 a 2006, daga baya aka yi ta rage shi har ya koma 2,500 a 2016. Tsarin da ya yi irin wannan tangal-tangal ba za a ce duk adadin da ya fitar daidai ne ba tare da an duba ba.

Malam Idrisu: Ina bin maganar tun ɗazu. Akwai ɓangaren da ya shafi addini, kuma a ganina Alhaji da Malama kowa yana riƙe da rabinsa. Bashi abu ne mai nauyi, ba ya faɗuwa don wanda ake bi ya ga mai bin nasa gwamnati ce mai arziki. Idan bincike ya nuna kuɗin nan ba haƙƙin 'yar uwarmu ba ne, wajibi ne ta biya gwargwadon ƙarfinta. Amma neman a tabbatar da bashi kafin a biya shi ba cin amana ba ne, kuma kuɗin da ake magana a kansa na cefanen yara ne, ita ma amana ce a hannunta. Sharaɗi ɗaya ne, duk abin da za ta rubuta ya kasance gaskiya, kada a ƙara rana ɗaya ko a rage a kan kwanakin tafiyar don a dace da ƙa'ida.

Hajiya Zainabu: Ni tambayata a kan cirewar ce. Ƙanwata an fara cire mata tsohon bashin tallafin daga Universal Credit, abin da ya rage ba ya kai ta ƙarshen wata. Wa za ta kira a kan wannan?

Malama Rabi: Hajiya, idan mutum ya koma Universal Credit, HMRC takan miƙa bashin ga sashen karɓar bashi na DWP, su ne suke cirewa. Saboda haka maganar a rage yawan abin da ake cirewa a wata, su za ta kira, ta nuna musu kuɗin shigarta da abin da take kashewa a haya da wuta da abinci. Tun ƙarshen Afrilun 2025 an rage iyakar abin da ake cirewa daga kashi 25 zuwa kashi 15 cikin ɗari na ainihin kason mutum, kuma ana iya saukowa ƙasa da haka idan akwai matsi. Amma idan tana musun bashin ne gaba ɗaya, HMRC za ta koma, domin DWP karɓa kawai take yi, ba ita ta yanke hukuncin ba. Idan wa'adi ya riga ya wuce ta, ana karɓar buƙatar sake dubawa a makare har zuwa wata 13 idan akwai dalili mai kyau, kamar jinya. Tana kuma da damar neman a ba ta kwafin bayanan da suke riƙe da su a kanta, har da bayanan kiran waya, kyauta.

Tunda maganar tafiya ta taso, ku sani ƙa'idar Universal Credit ta fi ta tsohon tallafin tsauri. Wata ɗaya ne kawai a wajen ƙasa, ana iya ƙara wata ɗaya idan rasuwar makusanci ce. Mu da muke zuwa gida mu yi dogon hutu da yara, ko mu zauna har a yi sadakar arba'in, sai mu kula da wannan kafin mu yanki tikiti.

Hamisu: Malama, a dawo kan ƙaramar hukuma, don Allah, domin ita ta fi damun irinmu. Ni tuƙin tasi nake yi, wata biyu suka kuɓuce mini a harajin gida lokacin da mota ta lalace, sai ga takarda cewa ana nemana da kuɗin shekara gaba ɗaya, da sammacin kotu. Na yi magana da kansilan unguwarmu a masallaci, ya ce zai duba. Ya isa in jira shi?

Malama Rabi: Bai isa ba, Malam Hamisu. Kansila yana da amfani, yana iya sa a duba fayil ɗinka da wuri, amma maganarsa ba ta dakatar da sammaci. Yadda abin yake a Ingila, idan ka tsallake biya ana aiko maka da tunatarwa a ba ka kwana 7, idan ba ka biya ba sai ka rasa damar biya wata-wata, kuɗin shekara ya hau kanka, sannan ƙaramar hukuma ta je kotun majistare ta karɓo umarnin karɓar bashi, a ƙara maka kuɗin kotu. Da wannan umarni ne take iya cirewa daga albashi ko tallafi, ko ta turo masu karɓar bashi ƙofar gida, su ma su ɗora nasu kuɗin. Ka rubuta wa sashen harajin gida kafin ranar kotun, ka faɗi abin da za ka iya biya a wata. Ka nemi rangwamen masu ƙaramin ƙarfi idan ba ka taɓa nema ba, sannan ka ambaci sashe na 13A na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1992, wanda ya ba su ikon rage wa mutum harajin idan yana cikin matsi. Idan akwai wasu basussukan, mai ba da shawara kan bashi a ƙungiyoyin agaji irin su Citizens Advice ko StepChange zai iya shigar da kai shirin Breathing Space, a dakatar da matsin har kwana 60.

Wannan ya shafi takardarki ta biyu, Maman Ummi. Tun Afrilun 2013 kowace ƙaramar hukuma a Ingila take tsara rangwamenta ga masu shekarun aiki, shi ya sa abin da aka yi wa 'yar uwarki a Manchester ba lallai ne a yi miki a garinku ba. Idan ba ki yarda da sabon lissafin ba, ki rubuta musu, suna da wata biyu su amsa. Idan suka ƙi, kina da wata biyu ki kai gaban Valuation Tribunal, kotu mai zaman kanta da ke sauraron ƙararrakin harajin gida, idan kuma suka yi shiru kina da wata huɗu daga ranar da kika rubuta. Amma ki ci gaba da biyan abin da suka sa miki yayin da ake dubawa. Ƙorafi kan jinkiri ko wulaƙanci kuwa, sai an bi matakan ƙaramar hukumar tukuna, sannan a kai wa mai binciken koke-koken ƙananan hukumomi cikin wata 12.

Baba Awudu: Ni ɗan zangon Kumasi ne, a Birmingham nake zaune. Abin da na lura da shi, ƙananan hukumomin kansu a matse suke. Tamu ta ayyana cewa ba ta iya daidaita kasafinta a Satumban 2023, aka ƙara harajin gida da kusan kashi 10 cikin ɗari a shekarar da ta biyo, ga yajin aikin masu kwashe shara da kowa ya gani a 2025. Wanda yake neman kuɗi ido rufe ba zai biyo ka gida ya ce ga rangwamen da ka cancanta ba. Akwai dattawanmu da suke zaune su kaɗai suna biyan cikakken haraji shekara da shekaru, alhali mai zama shi kaɗai ana cire masa kashi 25 cikin ɗari, ba ruwansu da yawan kuɗinsa.

Sadiya: Gaisuwa ga iyaye da yayye. Mijina ɗalibi ne, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, kuma a bizarmu an rubuta cewa ba mu da damar cin tallafin gwamnati. Duk abin da kuke faɗa, akwai wanda ya shafe mu, ko kuwa neman rangwame zai ɓata mana takarda?

Dakta Nasiru: Ƙanwata, tambayarki ta sa dole a rarrabe. Rangwamen masu ƙaramin ƙarfi, da Universal Credit, da Housing Benefit, duk suna cikin tallafin da bizarku ta hana, kada ki nemi ko ɗaya ba tare da kin ga mai ba da shawara kan shige da fice mai rajista ba. Amma cirewar kashi 25 ta mai zama shi kaɗai da keɓewar da ake yi wa ɗalibai ba sa cikin wannan jeri. Ɗalibi na cikakken lokaci ba a ƙirga shi a harajin gida, kuma akwai tanadi na matar ɗalibi ko mijin ɗaliba wanda ba ɗan ƙasa ba, idan sharaɗin bizarsa ya hana shi aiki ko karɓar tallafi, shi ma ana iya ƙin ƙirga shi. Mijinki ya karɓo takardar shaidar ɗalibta daga jami'arsa, ku haɗa da shaidar sharaɗin bizarki, ku nema a rubuce. Idan suka ƙi, ku ce su ba ku dalilin a rubuce, domin da shi ake zuwa Valuation Tribunal.

Alhaji Bala: To, na ji. Har yanzu ina nan a kan cewa wanda ya san kuɗin nan ya shiga hannunsa ba bisa ƙa'ida ba ya biya, ya huta. Amma na yarda a rubuta wasiƙar nan kafin wa'adi ya cika, tunda rubuta ta ba ya hana a biya daga baya idan abin ya tabbata. Damuwata ita ce matan da Turancin takarda yake musu wuya, da dattawan da ba sa taɓa kwamfuta. Wa zai zauna da su?

Malama Rabi: Wasu ƙananan hukumomi suna da sashen kare haƙƙin masu karɓar tallafi, suna cike fom, wani lokaci har su raka mutum kotu, ko da hukuncin na HMRC ne ko na DWP. A tambaya a ɗakin karatu na unguwa ko a Citizens Advice, za su faɗi ko akwai shi a garin. Ni kuma ranar Asabar bayan azahar zan zauna a ɗakin mata na masallacinmu, Dakta ya ce zai zauna ta ɓangaren maza. Duk mai zuwa ya zo da takardun gaba ɗaya, har da ambulan ɗin da suka zo a ciki, a jere bisa kwanan wata. Wanda wa'adinsa zai cika kafin Asabar ya turo mini hoton shafin farko ta akwatin sirri yau, ya rufe lambar inshorarsa ta ƙasa kafin ya ɗauka.